Babi na Tara: Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Abin yakan fara ne daga hannu. Mace ta tashi da asuba a tsakiyar hunturu, ta ɗauki buta ta zuba ruwa za ta yi alwala, sai ta ga yatsunta biyu ko uku sun koɗe, daga gaɓar tsakiya zuwa farce, kamar an tsotse jinin cikinsu. Ta murza su, ba ta jin komai. Can sai su rine su yi duhu, in jinin ya dawo kuma su ɗauki zafi da zugi kamar ana tsira mata allura. Minti goma, minti ashirin, abin ya wuce. Ta ce sanyi ne, kowa a gidan ma ya ce sanyi ne, a ci gaba da harka.

Bayan wasu watanni sai zobe ya ƙi fita. Ta sa sabulu, ta sa man shafawa, ya ƙi. Yatsun sun cika sun yi suntum tun daga tushe, 'yan layukan nan na bayan gaɓa sun shafe, fatar tana sheƙi. Ba ta iya dunƙule hannu da safe, ba ta iya matse wanki, tuƙin tuwo ya zama aiki. Daga nan wuyan hannu da gwiwa su fara ciwo, ga zazzaɓi mai zuwa yana komawa, ga wata irin gajiya da barci ba ya kashewa. Ta je kemis, a ce maleriya ce da taifod, ta sha magani, ta ɗan ji dama, bayan sati uku a koma gidan jiya. Wata rana ta ɗaga hannu za ta ɗaura ɗankwali ta ji kafaɗun sun ƙi ba da haɗin kai, ko ta zauna a tabarma ta kasa tashi sai ta dafa bango. Loma tana tsaya mata a ƙirji sai ta kora da ruwa, da dare kuma ƙwannafi ya hana ta kwanciya.

Ba labarin mace ɗaya nake bayarwa ba. Haka cutar ta saba shigowa, kaɗan-kaɗan, a cikin watanni ko shekaru, wata ta samu wannan alama ta rasa waccan. Abin da ya fi ci wa masu ita rai ma ba ciwon ba ne, yawon neman suna ne. Likitan farko ya duba gaɓoɓi ya ce amosanin gaɓɓai ne. Na biyu ya ga zazzaɓi da ƙarancin jini da kurji a fuska ya ce lufus ne. Na uku ya taɓa fatar yatsu ya ji ta yi tauri ya ce ciwon ƙandarewar fata ne. Da an dawo gida da takardu uku masu magana uku, sai wata gwaggo ta ce, "'Yar nan, wannan ba ciwon asibiti ba ne." A ajiye takardu, a shiga neman maganin sammu. Alhali babu wanda ya yi ƙarya a cikin likitocin nan uku. Kowannensu ya faɗi abin da ya gani a ranar da ya gani, cutar ce take ɗauko kama daga nan ta ɗauko daga can.

Likitoci suna taƙaita sunanta da haruffa huɗu, MCTD. Ma'anar sunan a Hausa ita ce gaurayayyar cutar naman ɗauri. Wanda ya taɓa tsayawa a kan fiɗar ragon layya ya san naman ɗauri ko da bai san sunansa ba: farar yanar nan da wuƙa ke bi tsakanin fata da tsoka, da igiyoyin da suka ɗaure tsoka a jikin ƙashi, da guringuntsi, da rigar da ta lulluɓe zuciya da huhu. Shi ne ya riƙe jiki wuri ɗaya, yana cikin fata, yana cikin bangon hanyoyin jini, babu lungun da babu shi. Shi ya sa cutar da ta kama shi ba ta da unguwa. Tun a 1942 wani masanin cututtuka a Amurka, Paul Klemperer, da abokan aikinsa suka lura cewa lufus da ƙandarewar fata, duk da bambancin kamanninsu, a wannan nama suke yin ɓarna, suka tara su a gida ɗaya. Daga baya aka gane cewa mai ɓarnar ɗan gida ne: garkuwar jiki.

Aikin garkuwar jiki shi ne ta tantance na gida da baƙo, ta yaƙi baƙon. Tana ƙera wasu makamai da ake kira antibodi, kowanne an yi shi daidai da abokin gaba guda, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. A farkon ƙarni na 20 babban masanin nan na Jamus, Paul Ehrlich, yana ganin jiki yana da hanyoyin da za su hana shi juya makamansa a kan kansa, don abin ya yi muni da yawa. Hanyoyin suna nan kuwa, amma sukan gaza. In sun gaza, sai garkuwa ta ƙera mabuɗin da ya dace da ƙofar gida. Har yau kimiyya ba ta kama dalili guda ta ce shi ne ke kunna wannan wuta ba. An dai tabbatar akwai ɗan rabon gado a ciki, domin masu ɗauke da wata alamar garkuwa da ake kira HLA-DR4 sun fi kamuwa, kuma mata sun fi maza nesa ba kusa ba. Amma ba irin gadon sikila ba ne da za a lissafa a ce ɗa ɗaya cikin huɗu. Kuma ba a ɗaukar ta: ba ta bin kwano, ba ta bin shimfiɗa, ba ta bin nono.

Wanda ya raɗa mata suna shi ne Dakta Gordon Sharp, likitan Amurka da ya fara wannan bincike a Jami'ar Stanford ya ci gaba da shi a Jami'ar Misuri. A 1972 shi da abokan aikinsa suka wallafa bayanin marasa lafiya 25 waɗanda suka ƙi shiga kowane aji. Suna da yatsu masu sauya launi a sanyi, hannuwa masu kumburi, ciwon gaɓoɓi, raunin tsoka, da bututun abinci mai kasala. Wani abu na lufus, wani na ƙandarewar fata, wani na kumburin tsoka. Da a ce iyakar abin ke nan, da sai a ce mutane ne da cututtuka biyu ko uku suka haɗu musu. Abin da ya sa Sharp ya tsaya a kan cewa cuta ce mai zaman kanta yana cikin jininsu: dukkansu suna ɗauke da antibodi iri ɗaya, mai yawan gaske, wanda ke kai hari ga wani abu da ke can cikin cibiyar ƙwayoyin jiki. Har yanzu a wasu ƙasashe, musamman Jamus da Faransa, da sunansa ake kiran cutar.

Wannan abu da ake kai wa hari, wanda yanzu ake kira U1-RNP, ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A cibiyar kusan kowace ƙwayar jiki akwai kundin gado, wato DNA, inda aka rubuta yadda za a ƙera duk wani sinadarin da jiki ke buƙata. Kundin ba ya fita daga cibiya, kwafinsa ake yi a aika wurin ƙira. To amma kwafin farko yakan fito da dogayen sassa marasa amfani a tsakanin masu amfani, dole a yanke su a fitar, a haɗe bakin da baki a ɗinke, kamar yadda tela ke yi wa yadi. In aka kuskure da harafi ɗaya, saƙon ya lalace. U1-RNP yana cikin ma'aikatan wannan shago, shi ne ke fara zuwa ya sa alama a inda almakashi zai shiga. A lokacin da Sharp yake rubutu, babu wanda ya san haka. Sai a 1979 Joan Steitz da ɗalibinta Michael Lerner, a Jami'ar Yale, suka yi dabarar amfani da jinin masu irin waɗannan cututtuka a matsayin ƙugiya: tunda antibodin da ke ciki yana kama abin nan ya riƙe, sai suka sa shi ya kamo musu shi daga cikin ƙwaya, suka zauna suka duba ko mene ne. Daga nan aka buɗe ƙofar fahimtar yadda ake yanka da ɗinkin saƙon gado, ilimin da a yau kowane ɗalibin likitanci yake karantawa. Ina yawan tuna wannan. Mutanen da aka ɗibi jininsu sun je asibiti ne da ciwo a jiki suna neman sauƙi, ba su san cewa abin da ke wahalar da su zai haska wa duniya wani sirri na halitta ba.

Samun wannan antibodi a jini shi kaɗai bai isa a ce mutum yana da cutar ba, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na masu lufus ma suna da shi. Rashinsa ne ke yanke magana: in babu shi, ba MCTD ba ce. Yadda ake bi shi ne a fara da gwajin da ake kira ANA, wanda ke nuna ko garkuwa na kai hari ga cibiyar ƙwayoyi gaba ɗaya. In ya nuna, kuma da ƙarfi, sai a nemi sanin wane antibodi ne takamaimai. Daga nan a ajiye takarda a koma kan mutum. Ma'aunin da likitan Meziko Donato Alarcón-Segovia ya gabatar a 1987, wanda ya fi sauran sauƙin riƙewa, yana neman antibodin da yawa a jini, tare da aƙalla uku daga cikin alamomi biyar: kumburin hannu, kumburin gaɓoɓi, kumburin tsoka, sauyin launin yatsu, da taurin fatar yatsu. Akwai wasu ma'aunan, na Sharp kansa, da na Japan, da na Faransa, kuma ba kullum suke yarda da juna a kan mutum ɗaya ba. Wannan ma yana cikin abin da ke sa a daɗe ba a ba majinyaci amsa ba. Wani lokaci alamomin ba su gama taruwa ba ne, sai an jira.

A bayaninsa na farko Sharp ya yi wa masu cutar albishir. Ya ce ba ta cika taɓa ƙoda ba, saɓanin lufus da ke lalata ƙodar mutane da yawa, ya ce tana jin magani ko kaɗan aka ba ta, kuma ƙarshenta yana da kyau. Maganar ƙoda ta tabbata a mafi yawan lokuta, haka ma cutar ba ta cika yi wa ƙwaƙwalwa mummunan kamu ba. Sauran albishir ɗin ne lokaci ya gyara masa. A 1980 aka koma aka bibiyi waɗancan mutane 25 na farko, aka tarar wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma a jikin da yawa daga waɗanda suka rage zazzaɓi da kumburi sun lafa amma taurin fata da matsalar haɗiya sun zauna. A 1999 kuma rukunin Sharp ɗin kansa ya fitar da sakamakon bin sawun majinyata 47 na tsawon shekaru masu yawa. Fiye da rabinsu sun samu sauƙi sosai, wasu har cutar ta kwanta. Amma a cikin waɗanda suka rasu, abin da ya fi ɗaukarsu ba ƙoda ba ne, ba kuma gaɓoɓin da suka fi kuka da su ba. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa: hawan jinin huhu ne.

Wannan hawan jini daban yake da wanda muka sani. Ɓangaren dama na zuciya aikinsa ɗaya ne, ya tura jini zuwa huhu ya ɗauko iska, kuma tafiya ce gajera a hanya mai faɗi, don haka ba a halicce shi da kauri ba. A wasu masu MCTD, bangon ƙananan hanyoyin jinin huhu yakan yi ta kauri daga ciki, hanya tana tsukewa, kamar bututun ruwa da ƙasa ke cikewa a hankali. Zuciya ta ƙara ƙarfin turi, ta kumbura, ta jure na wani lokaci, daga baya ta gaji. Abin tsoron shi ne na'urar da ake ɗaurawa a dantse ba ta ganin wannan hawan jini sam. Za a auna a ce jininki lafiya lau. Kuma ba ya ciwo. Alamarsa ta farko haki ne: matakalar da ake hawa ba tunani yanzu sai an tsaya a tsakiya, tafiyar da ake yi zuwa makarantar yara yanzu sai an huta a hanya. Da yake mai cutar ta saba da gajiya, sai ta sa wannan ma a lissafin gajiya. In ƙafafu suka fara kumbura, ko aka fara jiri da suma in an motsa, to tafiya ta yi nisa.

Akwai hanya ta biyu da huhu ke shiga matsala, ita ma a ɓoye. Naman ɗaurin da ke tsakanin 'yan jakunkunan iska yakan kumbura, in an bar shi ya zama tabo, huhun ya yi tauri ya daina buɗewa yadda ya kamata. Wannan ya fi hawan jinin huhu yawa a masu cutar, kodayake a wurin da yawansu ba ya tsananta. Yakan zo da busasshen tari da haki, kuma a inda tarin fuka ya yi yawa irin ƙasarmu, ba abin mamaki ba ne a ɗora mutum a kan maganin tarin fuka na wata shida alhali babu ƙwayar a jikinsa. Hanyar kama waɗannan biyu tun da wuri sananniya ce: hoton zuciya na eko, da gwajin hura iska a na'ura don auna ƙarfin huhu, da hoton ƙirji na siti sikan in an ga alama. Ana yin su tun ranar da aka gano cutar, a riƙa maimaitawa, galibi shekara-shekara, ko mutum yana jin kansa garau. In eko ya nuna shakku, sai a zura siririn bututu ta jijiya har cikin zuciya a auna matsin kai tsaye, shi ne ke tabbatarwa.

Shekara da shekaru masana suna gardama a kan ko MCTD cuta ce ta gaske ko kuwa zango ne kawai a hanyar zuwa lufus ko ƙandarewar fata. Masu musu suna da hujja, domin akwai majinyatan da bayan shekaru cutarsu takan rikiɗe ta koma ɗaya daga cikin waɗancan. Masu goyon baya suna cewa mafi yawa ba sa rikiɗewa, ga kuma alamar gado da antibodi da suka keɓanta da su. Ni a ganina, ga wadda take zaune a benci tana jiran layi da kati a hannu, amfanin sunan bai rataya a kan wanda ya ci wannan gardama ba. Sunan yana gaya wa likita inda zai sa ido. In an rubuta lufus kawai, hankali zai tafi kan fitsari da ƙoda. In an rubuta amosanin gaɓɓai, za a yi ta fama da gwiwa da wuyan hannu. In an rubuta MCTD, likitan da ya san aikinsa zai ɗago kai ya tambaya, "Hajiya, yaya numfashi in kin hau bene?" Wannan tambaya kaɗai ta isa dalilin riƙe sunan.

Cutar ba ta da yawa. Ƙididdigar da aka fi dogara da ita ta fito ne daga ƙasar Norway a 2011, inda aka bi asibitocin ƙasar baki ɗaya aka samu kimanin mutum 3.8 a cikin kowane manya 100,000, mata sun ninka maza sau uku da ɗoriya. Ta fi kama mutane a shekarun ƙuruciya zuwa tsakiyar rayuwa, amma yara ma suna samu. Game da nahiyarmu kuwa, an daɗe ana koyar da cewa cututtukan garkuwa ba su dame mu ba. Wannan magana tana da tushe: a 1968 Brian Greenwood, likita ɗan Ingila da ke aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, ya duba bayanan waɗanda aka kwantar ya ga irin waɗannan cututtuka ƙalilan ne, har ya kawo tunanin ko yawan maleriya da sauran cututtuka ne ke sauya halin garkuwarmu. Amma da aka samu ƙwararrun wannan fanni da gwaje-gwajen jini, sai hoton ya sauya. Rubuce-rubucen Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa a Legas sun nuna lufus da danginsa suna nan a cikinmu. Abin da ba a nema ba, ba a ganinsa. Ƙwararrun har yanzu kaɗan ne, akasarinsu a asibitocin koyarwa na manyan birane, gwajin antibodi kuma yana da tsada, sau da yawa sai an aika jinin wani gari.

Akwai kuma matsalar ido. Sauyin launin yatsun nan, wanda likitan Faransa Maurice Raynaud ya bayyana a 1862 kuma ake kira da sunansa, littattafai suna siffanta shi da fari, shuɗi, sannan ja. A farar fata aka ga haka. A baƙar fata abin da ake gani shi ne koɗewa ko toka-toka, kuma ya fi fitowa a tafin yatsu da ƙarƙashin farce. In an sa lalle, ya rufe wurin duka. Ga shi kuma abin ba ya jiran ranar asibiti, yana zuwa ne da asuba ko lokacin da aka tura hannu cikin firiza za a ɗauko ƙullin zoɓo, kafin a kai gaban likita ya wuce. Don haka mai fama da wannan ta ɗauki hoton hannunta da waya a daidai lokacin da abin ya taso, a wuri mai haske, hannu biyu a jere. Kuma in ranar ganin likita ta matso, a ɗaga wa lalle ƙafa, domin akwai dubawar da ake yi da madubin ƙara girma a gindin farce, inda ƙananan hanyoyin jini suke bayyana, a ga ko sun buɗe sun karkace ko sun ɓace. Kada wannan ya tayar da hankalin kowace budurwa da yatsunta ke sanyi. Mutane da yawa suna da wannan sauyin launi shi kaɗai tun suna yara, babu wata cuta a bayansa. Wanda ake bincika shi ne wanda ya fara da girma, ko ya zo da kumburin hannu, ko gyambo a kan yatsa, ko ciwon gaɓoɓi.

Babu maganin da ke tumɓuke cutar, amma akwai masu kwantar da ita, kuma ana zaɓarsu ne gwargwadon inda ta kama. Ga gaɓoɓi da fata da gajiya, ginshiƙin shi ne haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin nan da muka sha don maleriya. Ba ya aiki nan take, sai an yi wata biyu ko uku ana sha kafin a ga amfaninsa, kuma mai shansa na shekaru yana buƙatar likitan ido ya riƙa duba masa bayan ido lokaci-lokaci. Ga yatsu, ana ba da nifedifin, maganin hawan jini ne da ke buɗe hanyoyin jini. Ga ƙwannafi, omefirazol da danginsa, tare da rage cin abinci dab da kwanciya da ɗaga kan gado. In tsoka ko huhu ko rigar zuciya suka kumbura, sai a shiga magunguna masu danne garkuwa, irin su metotireset, azatayofirin, maikofenolet, ko rituksimab da ake sawa ta ƙarin ruwa, kuma kafin a fara su ana bincika tarin fuka da ciwon hanta, don kada a danne garkuwa su samu sarari. Hawan jinin huhu, wanda a lokacin bayanin Sharp na farko babu abin yi masa, yanzu yana da magunguna: bosentan ya fito a 2001, sildenafil kuma aka amince da shi don wannan aiki a 2005. Sildenafil shi ne sinadarin da ke cikin Viagra. Na faɗi haka ne don matar da aka rubuta wa shi kada ta ji nauyi ta ƙi karɓa, kuma kada miji ko mai kemis ya yi mata wata fassara. Hanyoyin jinin huhunta ake buɗewa da shi.

Sai maganar firedinisolon da danginsa, wadda ba zan wuce ta da sauri ba. Wannan magani ceto ne in cutar ta yi tashin gaske, cikin kwana biyu zazzaɓi ya sauka, gaɓoɓi su saki, mutum ya ji kamar an sauke masa kaya. A nan haɗarin yake. Ana samunsa a kowane kemis ba takarda, yana da araha, shi da deksa da wasu ke sha don ƙiba. Mai ciwon da ta gaji da layin asibiti da kuɗin gwaji takan gano cewa ƙwaya biyu da safe suna tayar da ita, sai ta riƙe su shekara da shekaru ba mai duba ta. Fuska ta cika ta yi zagaye, ciwon suga da hawan jini su shigo, ƙashi ya rube daga ciki har ƙugu ko baya ya karye da ɗan faɗuwa, ƙananan cututtuka su riƙa kayar da ita. A wanda cutarsa ta karkata wajen ƙandarewar fata, yawan wannan magani yana iya jawo wa ƙoda mummunan rikici farat ɗaya. Kuma wanda ya daɗe yana sha ba ya dainawa rana ɗaya, domin jiki ya riga ya rage ƙera nasa, yankewa kwatsam na iya kai mutum ga halaka. A hankali ake saukowa, da lissafin likita. Duk tsawon wannan lokaci kuma, jin daɗin da maganin ke kawowa ba ya nufin huhu yana lafiya.

Tunda cutar ta fi kama mata a shekarun haihuwa, tambayar ciki ba ta daɗewa ba ta taso ba, wani lokaci daga uwar miji kafin daga ita mai ciwon. Mata da yawa masu MCTD sun ɗauki ciki sun haihu lafiya. Sharaɗin shi ne a shirya: a bari cutar ta kwanta na wasu watanni, a sauya magungunan da ke cutar da ɗan tayi, irin su metotireset da maikofenolet da bosentan, a ci gaba da waɗanda aka san ba su da wannan illa, irin haidiroksikulorokwin, a kuma yi awo a asibitin da likitan mata da likitan garkuwa za su yi magana da juna. Wuri ɗaya ne maganar take da nauyi ƙwarai. In hawan jinin huhu ya tabbata, ciki yana iya kashe uwar, domin zuciyar da take fama da kayanta ba za ta iya ɗaukar ƙarin jinin da ciki ke kawowa ba. Wannan magana ce da ya kamata a yi ta da miji a zaune a ɗakin likita, ya ji da kunnensa, don kada a bar mace ita kaɗai tana kare kanta a gaban dangi.

Sauran kuma hidimar yau da gobe ce, wadda mai ɗaki ya fi kowa sanin inda yake masa yoyo. Sigari da shisha suna tsuke hanyoyin jini, hayaƙinsu ma a kusa ba shi da kyau. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci suna tayar da ciwon yatsu. Ɗumama hannu kaɗai ba ya isa, sai an ɗumama jiki duka, don in ƙirji ya ji sanyi jiki yakan janye jini daga yatsu: rigar sanyi, safar ƙafa, safar hannu in za a hau babur da sassafe ko a zauna a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. Mai sana'ar ƙanƙara ko kunun aya ta sa wani ya riƙa ɗauko mata daga firiza. Tsokar da ta yi rauni tana son motsi daidai gwargwado bayan kumburin ya sauka, zama wuri ɗaya yana ƙara kashe ta. Yana da kyau a ware littafi guda a riƙa rubuta magunguna da sakamakon gwaji da ranar eko ta ƙarshe, a kuma zaɓi wata tafiya da aka saba, daga gida zuwa bakin titi ko matakalar wurin aiki, a riƙa lura da ita wata-wata. In wurin da ake tsayawa a huta ya fara matsowa kusa, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. Da daddare kuma, a lokacin hunturu, a cika fulas da ruwan zafi a ajiye kusa da buta, don a sirka na alwalar asuba.